Hoton Jijiyoyin Ɗan Fari

Dar Salam, Omdurman
14 ga watan biyu, 2008

Zuwa ga Lawal ɗan Gwaggo, a Bor Sudan.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan takardar nan ta same ka da rai da lafiya, kai da Khadiga da duk wanda ke kwana ƙarƙashin rufinka. Ni Zubairu ne, in ka manta. Zailani tela, maƙwabcina, shi ke riƙe da alƙalami, ni ke faɗa, don ka san tsinkar auduga ta cinye mini lokacin allo. Ya ce in kira ka a waya. Na ce kunnena na hagu injin gurza ya tafi da shi, na dama kuma ba zan ɓata shi a kan muryar ɗan mace ba. Rubuta haka, Zailani, kada ka gyara.

Jikina da sauƙi, sai gwiwa. Haƙora saura tara. Gadin gareji a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, na bar shi shekara uku ke nan.

Shekara ashirin rabona da kai, tun shekarar ambaliya da matata Hadizatu ta rasu. Ka zo bayan sadakar bakwai, kai kaɗai, ka baro wanda ya kamata ya zuba mata ƙasa a can bakin teku, wai sabon ɗauka ne a wurin aiki. Ban manta ba, kuma ba don na huce na aiko maka ba.

Mazin ne ba lafiya. Autana, wanda ka gani yana riƙe da zanen yayarsa Sittana. Yanzu magidanci ne, mai walda, da 'ya'ya mata biyu. Ƙodojinsa duka sun daina aiki. Lahadi da Laraba ake wanke masa jini da inji, abin da suke ce wa gasil. Mota uku muke hawa kafin mu haye gada, ya dawo kamar tsumman da aka matse. Mutumin da ke ɗaga ƙofar ƙarfe shi kaɗai, yau ruwan sha ma da ƙaramin kofi ake auna masa.

Likitarsa mace ce, Daktora Nahla. Ta ce mafita ɗaya ce, a dasa masa ƙodar ɗan'uwansa na jini. Na ce a ɗauki tawa. Ta yi dariya ta ce, “Ya hajj, taka ta yi aikinta, bar ta ta huta.” Sai Sittana ta ce ita za ta bayar. Tana aure a Alsahafa, tana sayar da shayi a bakin kasuwa ran da masu kame ba su kwashe mata kujeru ba. Aka gwada jini ya zo ɗaya, har muka yi sadakar wake. Sai aka ce saura hoton jijiyoyi.

Inji ne kamar bakin rijiya da aka tayar tsaye, a kwantar da mutum a tura shi ciki. Suna ɗura wani ruwa a hannu, shi ke haska hanyoyin jini. Sittana ta ce ta ji ɗumi ya ratsa ta har tafin ƙafa. Hoton yana fitowa a kan baƙar leda mai tauri, sai an ɗaga ta ga fitila. Lawal, ka tuna babbar tur'a a Jazira, wato babbar hanyar ruwan noman rani, da ƙananan hanyoyin ruwa da ke yankowa daga jikinta su shiga gona? To haka cikin mutum yake. Daktora ta ce ƙoda mai daɗin ɗauka ita ce wadda hanya ɗaya ke shayarwa. Ta hagun Sittana hanya uku ce, sirara kamar zaren Zailani. Ta dama hanya ɗaya ce, amma ta yi ƙulli-ƙulli kamar carbi. Ba za a ba mara lafiya mai carbin ba, ba kuma za a ɗauke ɗayar a bar Sittana da ita kaɗai ba.

Na ce ai ita ta yarda, ni ubanta na yarda. Ta ce, “Ni ban yarda ba.” Yarinyar da na isa in yi jika da ita. Sannan ta tambaya ko Mazin yana da wani shaƙiƙi. Sittana ta dube ni, ni kuma na dubi ƙasa.

Ban roƙe ka kome ba, labari na ba ka. Abin da na miƙa maka a kambo, sansanin 'yan ƙwadago ranar da aka yaye shi, don gidanka ba kukan jariri, na miƙa ke nan, ba na bin sawun kyauta. Amma kana da baki, kuma akwai mai kunne a gidanka.

Zubairu

Bor Sudan
9 ga watan uku, 2008

Yaya Zubairu,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarka, na gane haƙora tara sun ishe ka cizon mutane. Muna lafiya, sai dai ciwon sukari ya ci mini yatsu biyu na ƙafa. Khadiga tana gaishe ka. Allah ya ba Mazin lafiya, labarin ya hana ni cin abinci.

Maganar ambaliya, hanya ce ta yanke kwana tara, na gaya maka a lokacin ka juya mini kunnenka na hagu. Mu bar ta.

Na kira Abdulganiyu na karanta masa. Yanzu shi ke tuƙa injin sauke kaya a tashar jiragen ruwa, 'ya'yansa huɗu. Ya saurara har ƙarshe, ya ce in sake. Na sake. Sai ya ce, “Baba, ya ambaci Mazin, ya ambaci Sittana. Likita ma ya san sunanta, har tela. Ni ne mai kunne?”

Na ce masa ɗan fari ne shi, kuma a wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya dubansa, ba ya nuna ya san da shi, kunya ce ba ƙiyayya ba. Ya yi dariyar da ban so ba. Yaya, yaron nan a bakin teku ya tashi. A nan da sunan ɗan fari ake yi wa uba kirari. Ni kaina shekara talatin da wani abu Abu Abdulganiyu suke ce mini a tasha. Abin da ya sani shi ne an ba da shi yana ɗan shekara biyu, kuma ba a taɓa aiko masa da ko gaisuwa ba.

Duk da haka zai zo, da zarar an ba shi hutu. Ya ce in rubuta maka don Mazin zai zo, to na rubuta.

Abu ɗaya zan ƙara. Kai kana da uku, ni shi kaɗai gare ni. Khadiga tun ranar take kuka a madafa, tana cewa albasa ce. In an kwantar da su biyu a ɗakin tiyata, ka tuna ba kai kaɗai ke da ɗa a ciki ba.

Ƙanenka,
Lawal

Dar Salam
27 ga watan huɗu, 2008

Lawal,

Salamu alaikum. Ina gaishe ka da jiki, Allah ya tsayar da ciwon a kan yatsu biyun. Mazin yana nan yadda yake. Wancan sunan da ka ce ana kiranka da shi a tasha, Allah ya sa albarka, ka ci gaba da amsawa. Ban san sai ka rubuto mini shi ne za ka ji daɗi ba.

Mutumin naka ya iso ranar Alhamis, mako biyu ke nan. Ina jin sallama a ƙofa na ɗauki butata na bi ta katangar Zailani da ta zube na tafi masallaci, yadda ya kamata. Da na dawo ya miƙe ya ce mini “ya hajj”, kamar kwandasta yana neman in matsa. Tarbiyyarka ke nan. Hausarsa kuma kamar an ba shi aro. Ban dubi fuskarsa ba. Takalmansa na sani, da tarinsa, don irin tarin Hadizatu ne sak, sau biyu sannan a yi gyaran murya. Shi da Mazin suna wuni a rumfa suna Larabci. Na ji Mazin ya yi dariya, abin da rabona da ji tun kafin babbar salla.

Jini ya zo ɗaya. Ranar hoton jijiyoyi na bi su, don wani ya riƙe takardu. Aka hana shi karyawa, aka shiga da shi, aka rufe ƙofa mai nauyi. Daga waje ina jin wata murya tana ce masa ya ja numfashi ya riƙe. Sai da aka ce ya saki na gane ni ma na riƙe nawa.

Bayan kwana biyu hoton ya fito. Ranar Laraba ce, ya raka Mazin gasil, don haka ni Daktora ta kira. Ta manna ledar a jikin fitila ta ce, “Ya hajj, zo ka ga irin wanda muke addu'ar samu.” Lawal, hanya ɗaya ɗoɗar kowane gefe, mai kauri, ba reshe ba ƙulli, kamar tur'ar da aka yashe jiya. Ta nuna mini ta hagu ta ce ita za su ɗauka, ta dama kuma za ta riƙe shi har tsufa in Allah ya so. Ka gaya wa Khadiga haka, ta rage yankan albasa.

Daktora ta ci gaba da bayani, ni na daina ji. Shekara arba'in da ɗaya ban tsaya na dubi fuskar yaron nan ba, yau ga ni ina kallon haƙarƙarinsa ɗaya bayan ɗaya. Ƙashin bayansa ya ɗan karkata hagu kamar nawa. Ni da na ɗauka buhun auduga ne ya karkatar da ni. Sai da ta kashe fitilar na matsa. Zailani, wannan kada ka rubuta. To, ya ce ya riga ya rubuta, kuma ba shi da wata takardar.

Yanzu ga ɓarnar da ka yi. Saboda masu sayen ƙodar talaka, ba a dasawa sai wata lajna, wato kwamiti na mutum biyar, ta zauna ta gamsu cewa mai bayarwa ɗan'uwa ne. Aka buɗe jinsiyyarsa, takardar ɗan ƙasa: sunanka, sunan ubanka, sunan kakanka. Aka buɗe ta Mazin: ko suna ɗaya ba su haɗa ba. A takarda bare ne. Riƙo na ba ka, ban ce ka kai shi ofis ka goge ni ba.

Lajna za ta zauna Talata, ashirin ga watan biyar. Ka taso ka zo ka gyara abin da ka ɓata, ko da rarrafe.

Zubairu

Bor Sudan
8 ga watan biyar, 2008

Yaya,

Ina gaisuwa, ina yi wa Allah godiya da labarin hoton. Na karanta wa Khadiga wurin haƙarƙarin sau uku. Zailani ya kyauta da bai ji maganarka ba.

Ba zan iya zuwa ba. An yanke yatsa na uku, mikin ya ƙi kamewa, likita ya ce in na yi kwana guda a mota ƙafar za ta bi yatsun. Sunana kuwa da na sa masa, ka manta a shekarun nan kai kanka ba ka da jinsiyya? Makaranta ta ce ba ta ɗaukar ɗan da ubansa ba shi da takarda. Da na bar shi da sunanka da yanzu yana dako.

Na je gaban alƙali na yi rantsuwa cewa riƙonsa na yi, kai ka haife shi. Ga takardar nan a ciki, da hatimi. Amma ka saurare ni da kunnenka mai ji. Na zauna gaban irin waɗannan mutane. Za su ajiye takarda su dube ka su tambaye ka da baki. Ba su san kunyarmu ba. In ka sunkuyar da kai, su a wurinsu mai ɓoye ƙarya ne ke sunkuyawa. Ka shiga ɗaki tun yau, ka rufe ƙofa, ka faɗa wa bango: ɗana ne, sunansa kaza. Ka yi ta yi har harshenka ya saba. Sau ɗaya ne, Yaya, kuma ran Mazin ne.

Zan ba direban motar Asabar ya kawo maka hannu da hannu.

Lawal

Dar Salam
25 ga watan biyar, 2008

Lawal,

Salamu alaikum. Allah ya sawwaƙe maka ƙafa. Takardarka jiya ta shigo hannuna, kwana huɗu bayan lajna ta tashi. Ka ji abin da ya faru a Omdurman, ranar Asabar ɗin da motarka ta taso aka yi ta harbe-harbe, aka rufe gadoji, aka hana fita. Direban ya ce an sauke su a hanya ana bincike, jakarsa ta yi kwanaki a wani wuri. Mazin ya rasa gasil na Lahadi, ya kumbura har ba ya iya kwanciya, a amalanken jaki muka fitar da shi unguwa ranar da aka buɗe hanya.

Zailani ya karanta mini shawararka ta bango. Da ta zo da wuri ma ban ce zan bi ba. Ban sani ba.

Mun shiga ɗakin su biyar suna zaune, biyu mata. Aka zaunar da ni kusa da mutumin naka, gwiwata saura kaɗan ta taɓa tasa, abin da bai taɓa faruwa ba. Sittana tana tsaye a baya. Shugabansu dattijo ne mai furfura, ba laifi, har ya sa aka kawo mini ruwa. Ya jujjuya takardu ya ce sunaye ba su haɗu ba. Sannan ya cire tabarau ya nuna shi ya ce, “Ya hajj, da waladak?” Wai wannan ɗanka ne?

Lawal, bakina ya amsa tun kafin ya yi shawara da ni. Na ce, “Ɗan Lawal ne.”

Abin da nake faɗa ke nan shekara talatin da tara, ga duk wanda ya tambaya. Wa ya taɓa ba da riƙo sannan ya tsaya cikin mutane ya ce nawa ne? Ai tozarta mai riƙo ne. Mutuncinka na tsare, in ba ka sani ba.

Sittana ta ce, “Baba!” da ƙarfi. Dattijon ya ɗaga mata hannu ya ce da ni, “To, ka san sunansa?” Na sani mana. Ni na yi masa huɗuba. Sau ɗaya na faɗi sunan nan a duniya, a cikin kunnensa, yana da kwana ɗaya. Na buɗe baki, ga mata baƙi suna kallona, ga 'yata a baya, ga shi a gefena yana jira. Sunan ya ƙi fita. Na ce, “Ga shi zaune, ai yana da baki.” Ɗaya daga cikin matan ta rubuta wani abu.

Daktora Nahla ta miƙe ta ce gwajin jini ya nuna kusanci. Dattijon ya ce, “Daktora, takarda ta ce a'a, uba ya ce a'a. In na sa hannu gobe aka ce saye aka yi, wa zai amsa?” Ya ce bai kore mu ba, ya ɗaga sai sha biyar ga watan bakwai, mu zo da hujja.

A baranda mutumin naka ya ɗora mini ambulan hoton a cinya. Abu na farko ke nan da ya taɓa fitowa daga hannunsa zuwa nawa. Ya ce, “Riƙe, ya hajj. Ɗan Lawal zai koma gidan ubansa.” Washegari da sassafe ya tafi.

Mutanen nan ba su da ta ido, ana yi wa dattijo irin wannan tambaya a gaban mata? Kai kuma da ka koya masa al'adar gidansu da ya gane. Direba kuma Allah ya isa. Sittana ta koma Alsahafa ba ta yi mini sallama ba. Mazin ne kaɗai bai nuna fushi ba. Da na shiga wurinsa ya ce, “Ba kome, Baba,” ya juya fuska bango. Gara ya zage ni.

Ga rantsuwarka a hannuna, ga hoto a hannuna, babu mai ƙodar. Ka yi masa magana.

Zubairu

Bor Sudan
19 ga watan shida, 2008

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ƙafa ta fara kamewa. Na jinkirta amsa don ina jiran in samu abin faɗa, ban samu ba.

Ya dawo, ya koma aiki, ba ya tada maganar. Khadiga ta yi murna, ba zan ɓoye maka ba. Ni ma da na gan shi a ƙofa da ƙodojinsa biyu wani ɓangare na zuciyata ya yi sanyi, Allah ya yafe mini.

Na yi masa magana sau uku. Na nuna masa wurin da ka ce ka riƙe numfashi, da wurin ƙashin baya. Ya daɗe yana kallon takardar, ya ce, “Wannan ai kai ya rubuta wa, Baba. In mun koma suka sake tambayarsa, me zai canja?” Mutum ne mai 'ya'ya huɗu, ba na iya ɗaura masa igiya.

Kada ka ƙara aiko mini da saƙon da ba nawa ba. Ka san inda takarda ta kamata ta je.

Lawal

Dar Salam
29 ga watan shida, 2008

Zuwa ga Abdulganiyu.

Sunan nan da ka gani a sama, da bakina na faɗe shi. Na ce wa Zailani ya rubuta, ai ya sani. Ya ajiye alƙalami ya koma kan kekensa ya ce shi abin da aka faɗa yake rubutawa. Tun hantsi muke zaune har aka kira azahar. Ya gama wando biyu.

Ina gaishe ka, kai da iyalinka da yaran da ban san sunayensu ba. Ni lafiya lau.

Ba zan ce al'adar ubanninmu kuskure ce ba, haka na tarar. Ubana bai taɓa kiran yayana ba har yayan ya mutu. Ranar da aka binne shi ubana ya ɗauki fartanya ya tafi gona, mutane suna yaba masa. Ni na bi shi da ruwa, na same shi kwance rub da ciki a cikin kunyar gona yana cusa ƙasa a baki don kada a ji shi.

Ranar da Lawal ya tafi da kai a bayan motar auduga ban fito sallama ba, kowa ya shaida. Ta bayan kambo na zaga, na bi gefen tur'a ina gudu har gadar ƙarfe, inda motar ta ɓace. Ko uwarka ban gaya wa ba.

Hotonka yana wurina. Kullum da hantsi ina ɗaga shi ga rana a bakin rumfa. Na san shi yanzu fiye da tafin hannuna.

Jijiyar hannun Mazin da ake sa wa allura ta toshe, yanzu ta wuya suke bi, zazzaɓi yana zuwa yana tafiya. Daktora ta ce hoton wata shida yake aiki, bayan nan sai a sake daga farko. In lajnar watan bakwai ta wuce, ba su ƙara zama sai bayan azumi. Da na tambaye ta ko Mazin zai kai, ta gyara takardun gabanta.

Ranar Litinin, sha huɗu ga wata, zan tsaya a Mina Barri inda motocin Bor Sudan ke sauke mutane. Ba sai ka neme ni ba, za ka ji ni.

Mahaifinka,
Zubairu

Dar Salam
Talata, 15 ga watan bakwai, 2008

Lawal,

Salamu alaikum. Yanzu muka fito daga sallar asuba, Zailani yana rubutu yana hamma. Ina fatan ƙafa ta kame. Mazin ya kwana da zazzaɓi.

Jiya na je Mina Barri tun azahar. Mota goma sha ɗaya ta zo daga wurinku, na ƙirga. Kowacce ta buɗe ƙofa sai in tsaya a bakinta in kira. Ta farko muryata ba ta wuce gemuna ba. Daga ta huɗu har masu dako suna waiwayowa. Abdulganiyu. Ka ga yanzu ko tsayawa ba na yi, Zailani ma ya ɗago kai.

Wata mai shayi a wurin ta ɗauka yaro ne ya ɓace mini. Ta bar wutarta ta zo ta ce, “Ya hajj, ɗan shekara nawa ne? Wace riga ce a jikinsa? Yaya kamanninsa?” Na ce shekara arba'in da ɗaya. Sauran biyun ban iya amsa mata ba. Ta ba ni kujera, ta ƙi karɓar kome.

Har aka rufe ƙofar tasha bai sauko ba. Ban sani ba ko takardata ta same shi, ko tana jakar wani direban, ko ta same shi ya karanta ya ajiye. Kada ka tambaye shi. In ta same shi, hakkinsa ne.

Lajna ƙarfe goma za ta zauna, kuma babu motar da ke isowa daga teku kafin la'asar, na tambaya. Sittana ta ce zuwa ba shi da amfani, ba a tantance kujerar da ba kowa. Ta yi gaskiya. Amma na sa farar rigata, ga rantsuwarka a aljihu, ga ambulan a hammata. In dattijon nan ya ba ni izini zan je bakin taga in ɗaga musu ledar ga rana, gaban matan da kowa, in nuna musu hanyar nan guda ɗaya da ƙashin bayan da ya karkata, in ce wannan ɗana ne, ɗan farina, sunansa Abdulganiyu. In sun ga dama su rubuta.

Zailani, tashi ka kama mini hannu, motar farko ba ta jira.

Zubairu